Kat-kat ta ƙi ja a rairayi, sitiyari na rawa: tambayoyin direbobi da amsoshinsu

Da damina ta kama, garejinmu a Maradi ba ya rabo da tsofaffin kat-kat, wato motoci masu ja da taya huɗu, Land Cruiser da Hilux masu cin kasuwannin ƙauye, daga Dakoro har Madarunfa. Maganar tawa kan masu miƙaƙƙen pon a gaba ce, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu yana kai musu juyi, irin Land Cruiser 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984, masu makulli a tsakiyar taya da aka rubuta FREE da LOCK.

Maigida, na saka karabo, giyar ja da taya huɗu, amma tayoyin baya kaɗai ke tona rairayi. Giyar ce ta mutu?

Da wuya. Fara da makullan gaba. In guda ɗaya ya ƙi kamawa, gaban gaba ɗaya ba zai ja ba, domin pon yana tura juyi ne zuwa ɓangaren da ba shi da nauyi. Sandar ciki tana ta juyawa a banza, tayar tana zaune.

Gwajin ba ya cin ko dala. Sa ƙaramar giya, wato akwatin da ke raba juyi gaba da baya, a H2 (ja da tayoyin baya kaɗai), makullan duka biyu a LOCK, ka ɗan gangara da motar taku biyu don haƙora su hau juna, sannan ka kashe mota, ka sa duwatsu a tayoyi. Sai ka kwanta ƙarƙashi ka murɗa kardan ɗin gaba, sandar da ke kai juyi daga ƙaramar giya zuwa pon, da hannu. In ya ɗan motsa ya cije, makullan lafiya suke. In ya yi ta juyawa kamar dutsen niƙa, ɗaya bai kama ba, ko sandar ciki ta karye. Mayar da su FREE, ka kwance murafun, kusoshi shida ne kowanne.

Abin da na fi tararwa a ciki shi ne giris da aka cusa kamar ana cika tulu, ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare, sifirin ya kasa tura haƙoran. Bara wani direban Mayahi ya zo da ƙaramar giya sukutum da ya sayo a tsallaken iyaka, wai a canza masa. Muka wanke makullin hagu da gazuwal, muka shafa giris kaɗan da yatsa, mota ta ja. Giyar na nan a kusurwar gareji har yau, yara na zama a kai.

To in bar su a LOCK kullum mana, in huta da sauka?

In ƙaramar giya na H2 ba wata ɓarna, sai ɗan ƙarin shan mai da cin kayan gaba. Da damina ni ma haka nake yi. Toyota ma ta ce a riƙa tafiyar kilomita 16 a wata da makullan a kulle, don mai ya zagaya. Abin da ke kashe mota shi ne LOCK da H4 (ja da taya huɗu) a kan kwalta. Waɗannan motoci ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, ga shi a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya. A rairayi taya na zamewa ta huce, a kwalta kuwa ƙarfe ne ke ɗaukar wahalar. Sitiyari ya yi tauri, taya na kuka, sandar karabo ta ƙi fita. Kar ka dake ta, yi baya kaɗan a miƙe za ta saki.

Ina jin ƙas-ƙas-ƙas in na karya kwana cikin karabo.

Mayar da makullan FREE ka sake kwanar. In ƙarar ta ɓace, mahaɗin nan mai ƙwallaye da ke cikin ƙoƙon bayan taya ne ya ci. Leƙa ƙoƙon. In ka ga baƙin abu mai ruwa-ruwa kamar kunu yana zuba, robar da ke tare man pon ta mutu, man ya wanke giris. Duba har ɗan bututun numfashin pon, don in laka ta toshe shi, zafi ne ke turo man waje. Masu ratsa Gulbi da ruwa a cike su suka fi kawo mana wannan.

Sitiyarina ya yi lako-lako. In sa a ɗaure kushin akwatin?

Wannan kushin, ɗan sukurun da ke kan akwatin sitiyari, shi ne na ƙarshe da za a taɓa, amma shi yaran gareji ke fara kai wa sukundireba. Wasan sitiyari in bai wuce santimita 3 zuwa 4 a bakin da'irar ba, ba laifi. In ya wuce, tayoyi na ƙasa, sa yaron mota ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu, kai kuma ka dafa kowane rotil, wanda ƴan Najeriya ke ce wa tayarod. Wanda ya ci za ka ji yana bugun tafinka kafin sandar ta motsa. Duba kusoshin da suka riƙe akwatin a jikin shasi, har da shasin kansa, don gargadar hanyar burji na tsaga shi a nan. Sai komai ya fita lafiya a zo kan kushin, kaɗan-kaɗan, tayoyi a miƙe. In an matse shi da yawa sitiyari ba zai dawo da kansa bayan kwana ba.

Da na faɗa rami da gudu sai gaban motar ya kama makyarkyata, har sai na taka birki.

Wannan kam kar ka ɗauki fasinja sai an gyara. Fara da mai sauƙi: busasshiyar laka a cikin ƙarfen taya, ƙarfen da ya lanƙwashe, taya mai ƙulu. Sannan ɗaga gaba da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai wasa, sa a taka birki ka sake. Ya ɓace, rulman taya ne, zoben ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Yana nan, rulman da ƙoƙon ke juyawa a kansu ne, na sama da na ƙasa. Kama ta gefe da gefe kuma rotil yake nunawa. A duba robobin sifirin da kusoshin da suka ɗaure shi da pon. Da yawa sukan sayi sabon shakasoban sitiyari su ce an gama. Rawar takan lafa wata biyu, ta dawo da ƙarfinta.

Ya yi nauyi, kuma yana kuka in na murɗa.

Iskar taya tukuna, musamman in ka rage ta a rairayi ka manta. Sai bel, sai man tankin sitiyari. Jan man giyar otomatik ake zuba wa Toyota, ban da man birki, yana cinye robobi. In ka ga kumfa a tankin, iska na shiga ta tiyon da ke kai mai famfo, a matse bakinsa ko a canza shi.