Dogon Dare a shirin Game of Thrones: hasashe da martanin masu kallo

Dogon Dare, wanda sunansa na asali The Long Night, shi ne kashi na uku a zango na takwas kuma na ƙarshe na Game of Thrones, shirin almara mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2019. An haska shi ranar Lahadi 28 ga Afrilu 2019. David Benioff da D. B. Weiss ne suka rubuta shi, Miguel Sapochnik ya ba da umarni. Tsawonsa kimanin minti 82, kuma duk cikin kashi 73 na shirin babu wanda ya kai shi. Labarinsa na dare ɗaya ne tak, daren da rayayyu suka kara da rundunar matattu ta Sarkin Dare a birnin Winterfell. An fi tuna shi da abu biyu, wato hasashen shekaru da ya rushe cikin daƙiƙoƙi, da kuma duhun hotonsa, wanda ya fi cutar masu kallo a waya irin na Bauchi da Gombe.

Asalin hasashen

An ɗauko shirin ne daga jerin littattafan George R. R. Martin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996, na biyar a 2011. A zangunan farko, wanda ya karanta littafi ya riga kowa sanin abin da zai faru, sai dai ya ja bakinsa ya yi shiru ko ya fasa ƙwai. Daga zango na shida, a 2016, shirin ya wuce inda littattafan suka tsaya. Nan ne mai karatu da mai kallo suka zama ɗaya, kowa ya koma lalube, hasashe kuma ya zama rabin daɗin kallon.

Abin da ya ƙarfafa wa masu hasashe gwiwa shi ne sun taɓa cankar babban abu daidai. Tun shekarun 1990 masu karatu ke cewa Jon Snow ba shegen ɗan Ned Stark ba ne kamar yadda labarin ya nuna, ɗan ƙanwarsa Lyanna ne da yarima Rhaegar Targaryen. Ƙarshen zango na shida ya nuna uwar, ƙarshen na bakwai a 2017 ya tabbatar da uban da kuma cewa da aure aka haife shi. Daga nan mutane suka sakankance cewa shirin ba ya ajiye alama a banza.

Babbar alamar kuwa ita ce tsohon zancen bokayen cikin labarin game da Azor Ahai, ko yariman da aka yi alkawarin zuwansa, wanda zai kori duhu da takobi mai ci da wuta. Mafi rinjayen ra'ayi ya tafi kan Jon. An kashe shi a ƙarshen zango na biyar a 2015, bokanya Melisandre ta dawo da shi a 2016, kuma tun a yaƙin Hardhome suka yi kallon-kallo da Sarkin Dare. Wasu sun ce Daenerys ce, sarauniya mai dodanni masu tashi sama da aman wuta, saboda a zango na bakwai tafintarta Missandei ta bayyana cewa kalmar da aka fassara da yarima ba ta bambance namiji da mace ba. Akwai kuma masu cewa Bran Stark, ɗan Ned mai hangen abin da ya wuce, shi ne Sarkin Daren da kansa, ya koma baya cikin zamani ya maƙale a jikinsa. Wannan ra'ayi ya yi tashe sosai duk da raunin hujjarsa, wadda ba ta wuce kamannin fuska da na sutura ba.

Masu kallo Hausawa sun zo da tasu ƙa'idar, wadda suka gada daga finafinan Indiya da na Sin: akta shi ke kashe bos, kuma a ƙarshen fim ake yi. Shirin ya karya rabin wannan ƙa'ida tun a 2011 da ya sare kan Ned Stark, ya sake karya ta a 2013 a bikin auren da aka yi wa Robb Stark da mahaifiyarsa kisan gilla. Amma dawowar Jon daga mutuwa ta farfaɗo da ita. In ba shi ne akta ba, me ya sa aka tashe shi?

Mako guda kafin yaƙi

Kashi na biyu, wanda ya fito 21 ga Afrilu, kusan dukkansa zaman jiran mutuwa ne, kuma masu kallo sun karanta shi kamar wasiyya. Jaime Lannister ya naɗa Brienne jaruma, burin da ta daɗe tana ɗauke da shi, sai aka ce nata ya ƙare. Grey Worm ya yi wa Missandei alkawarin kai ta tsibirinsu bayan yaƙi, aka ce mai irin wannan alkawari ba ya ganin safiya. An jera Podrick da Tormund da Gendry a sahun masu tafiya. An kuma lura da yadda aka yi ta maimaita cewa kurkukun ƙasa inda ake binne sarakunan Stark shi ne wuri mafi aminci ga mata da yara, alhali abokin gaba mai tayar da gawa ne. Wani hasashen mai wayo ya ce Sarkin Dare ba zai zo Winterfell ba sam, zai hau dodonsa ya wuce kudu ya cinye babban birni.

Yadda kashin ya iso Bauchi

Ƙarfe tara na dare a gabashin Amurka daidai yake da ƙarfe biyu na dare a Najeriya, don haka a nan wayewar garin Litinin 29 ga wata ne. Masu DStv da janareto ko wutar da ba a ɗauke ba su ne kaɗai za su iya gani a lokacin. Galibi dai ta hanyar turi shirin ke yawo. Mai shagon caji ko mai sayar da kayan waya, a kasuwa irin Wunti ko a unguwannin ɗalibai irin Yelwa da Gwallameji, ya sauke daga intanet ya zuba wa mutum a waya ko memori, shi kuma ya tura wa abokansa ta Xender. Saboda tsadar data, ƙaramin fayil ake nema, wanda aka matse ƙwarai. Wannan ne ya zama matsala a wannan kashin fiye da kowane.

Tsakanin asuba da lokacin da fayil zai iso hannu, babban aiki shi ne guje wa Facebook da Twitter da zaurukan WhatsApp. A majalisa, wanda ya riga ya gani kan sha gargaɗin "Malam, kar ka ɓata mana."

Abin da ya faru

Melisandre ta kunna wa mahayan Dothraki wuta a takubbansu, suka sukwano cikin duhu, daga nesa ana hangen fitilun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ya rage babu ko ɗaya. Matattu suka cike ramin wuta da jikinsu suka haura ganuwa. Gawawwakin kurkukun ƙasa sun tashi, kamar yadda aka hasasa. Daenerys ta sa dodonta ya yi wa Sarkin Dare aman wuta, ya fito ko ƙwarzane babu, har da murmushi. Jon ya ƙare daren a bayan kango, mataccen dodo ya tare masa hanya. Theon Greyjoy ya mutu yana kare Bran, Jorah Mormont yana kare Daenerys, ƙaramar Lyanna Mormont ta caka wa ƙato wuƙa a ido yana murƙushe ta. Beric da Edd ma sun tafi. Da Sarkin Dare ya kai hannu ga takobinsa a gaban Bran, sai Arya Stark, yayar Bran, ta diro daga baya. Ya shaƙe ta, ta saki wuƙar daga hannun hagu ta cafe da na dama ta soke shi, rundunarsa duka ta zube. Da gari ya waye Melisandre ta cire abin wuyanta ta faɗi matacciya. Brienne da Grey Worm da Podrick da Tormund da Gendry duk sun ga safiya.

Martani

HBO ta ce mutum miliyan 17.8 ne suka kalla a daren farko a Amurka. Ƙorafin da ya fara fitowa, a ko'ina, shi ne ba a ganin komai. An ɗauki yaƙin cikin dare 55 a Ireland ta Arewa, da nufin hasken wuta da na wata kaɗai su bayyana. Mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya kare aikinsa, ya ɗora laifin kan matse hoto wajen watsawa da kan yadda mutane ke saita talabijin ɗinsu da inda suke kallo. Maganarsa ba ta yi wa mutane daɗi ba, amma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Idan aka matse bidiyo, launukan da ke kusa da baƙi su ake fara haɗewa, sai wuri mai duhu ya koma dabbare-dabbare. Wanda ya kalli ƙaramin fayil a waya da rana tsaka, a hasken ƙarshen Afrilu na Bauchi, fuskarsa yake gani a gilashi, sai dai ya bi yaƙin da kunne. Dabarar da aka sani ita ce a ƙure hasken waya, a shige ɗaki a saki labule, ko a bari sai dare.

Na biyu shi ne dabarun yaƙin. An tura dawakai gaba su faɗa wa abokin gabar da ba a gani, an jera majaujawar jifa a gaban dakaru, an haƙa ramin wuta a bayansu. Wannan suka ba ta da wuyar fahimta ga mutumin garin da ke da ganuwa da ƙofofi irin Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti. Ganuwa don a fake a bayanta aka gina ta.

Batun Arya ne ya raba masu kallo gida biyu. Masu yabo sun nuna cewa an shuka alamun tun da daɗewa. Wuƙar ita ce wadda aka zo kashe Bran da ita a zango na farko, shi ya miƙa mata ita a na bakwai, kuma ta gwada irin wannan sauyin hannu a atisayenta da Brienne. A 2013 Melisandre ta faɗa mata cewa za ta rufe idanu masu ruwan ƙasa da shuɗɗa da koraye har abada, Sarkin Dare kuwa mai shuɗin ido ne. Masu suka sun amsa da cewa Benioff da kansa ya ce kimanin shekara uku ke nan da suka yanke shawarar Arya ce, ke nan maganar 2013 ta riga shawarar, kuma an sauya jerin launukan a wannan kashin don shuɗi ya zo ƙarshe. A ganinsu an watsar da zancen Azor Ahai, an kuma gama da barazanar shekara takwas a dare ɗaya ba tare da bos ya furta ko kalma ba.

Hasashen da ya biyo baya

Koren ido ya rage, aka ce Cersei ce, sarauniyar babban birni kuma 'yar'uwar Jaime, Arya za ta kashe ta. Wasu suka ce Jaime ne zai yi, bisa wani zancen bokanya da ke cikin littafi. Duka biyun ba su tabbata ba, gini ne ya rufta wa Cersei da Jaime a kashi na biyar. Karon 'yan'uwa biyu na gidan Clegane, wanda aka daɗe ana jira, ya faru. Haka ma hasashen cewa Daenerys za ta juya ta ƙone birni.

Azumin 2019 ya kama a Najeriya ranar 6 ga Mayu, saboda haka kashi ukun ƙarshe duk cikin Ramadan suka faɗo, sa'o'i kaɗan kafin sahur. A makon ne kuma, ranar 8 ga Mayu, gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, ya sa hannu a dokar ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, kuma jaridun Turanci na ƙasar sun sha aron sunan shirin wajen ba da labarin rikicin sarautar Kano. A kashi na ƙarshe, 19 ga Mayu, Jon ya kashe Daenerys, manyan gidaje suka zauna suka zaɓi Bran, tsarin da bai yi nisa da na masu zaɓen sarki a ƙasar Hausa ba, yayarsa Sansa kuma ta ɓalle da yankinsu na Arewa, inda Winterfell yake.

Saɓani kan abin da shirin ya ƙunsa

Akwai tsiraici da tsafi da zubar da jini a shirin. Wasu na ganin bai dace a kalle shi ba, balle da azumi. Wasu na kallo suna tsallake wuraren.

Bayan kammalawa

Takardar koken da aka buɗe a intanet don neman a sake yin zango na takwas ta tara sa hannu sama da miliyan ɗaya. Zangon ya samu gurbin takara 32 a kyautar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ya ci 12. Littafi na shida, The Winds of Winter, bai fito ba zuwa lokacin haɗa wannan maƙala.