Ma'anar "konfili", da abin da ke faruwa idan fayilolin heda biyu suka yi karo

Tun da lokacin kare kundin kammala karatu ya matso, kalma ɗaya ke yawo a bakin yaranmu masu karatun kwamfuta, daga Garwa har Marwa da Ngawundare: konfili. Daga Faransanci aka aro ta, wato rikici ko karo. Manhaja ta ƙi haɗuwa, a ce konfili ne. Kwamfuta ta yi nauyi, shi ma konfili. Makon jiya a wani shirin rediyo na ji baƙon da aka gayyato yana cewa wai wani nau'in bairos ne mai shiga ta filashi, maganinsa a goge injin a sake zuba komai. Raina ya ɓaci, don na san akwai yaron da zai ji wannan ya je ya wanke kwamfutarsa da aikin wata uku a ciki.

Babu bairos a maganar. Ga masu rubutu da harshen C ko C++, laburare, wato tarin ayyukan da aka riga aka rubuta don manhajoji su yi amfani da su, yawanci kashi biyu ne. Akwai jikinsa, fayil ɗin da ke yin aikin, wanda a Linux sunansa ke ƙarewa da .so ko .a. Akwai kuma heda, mai ƙarewa da .h, wadda bayani kawai take ɗauke da shi: sunayen ayyukan laburaren, abin da kowanne ke karɓa, da girman gurbin da za a tanadar wa bayanansa. Da yawa suna ɗauka heda ita ce laburaren, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali.

Ku duba shagon tela ana gobe Sallah. Heda ita ce takardar awo, jikin laburare kuma shi ne mutumin da zai sa rigar. In tela ya ɗauki awon ƙane ya yanka shadda, sai wan ya zo sawa, ɗinkin bai da aibu, mutumin ma lafiyarsa ƙalau, amma hammata za ta yage. Haka kwamfaila, mai mayar da rubutun manhaja zuwa abin da inji ke ganewa, take yi: ta karanta heda ta yanka gurbi daidai awon da ta gani, in jikin laburaren da aka kawo na wani zubi ne, ya zuba bayanansa su wuce gurbin.

Abin da ke kawo wannan shi ne, manhajoji da yawa suna zuwa da nasu kwafin laburare a cikin jakarsu, alhali kwamfutar tana da nata da aka riga aka girka. Ga jpeglib.h, hedar laburaren hotunan JPEG, a jakar manhaja, ga wata jpeglib.h a /usr/include, jakar da kwamfutar ke ajiye nata hedojin, suna ɗaya, awo daban. Kwamfailar GCC tana da tsarin nema: ta fara da wuraren da aka nuna mata da -I, daga hagu zuwa dama, sannan /usr/local/include, sannan /usr/include, kuma wadda ta fara cin karo da ita ita za ta ɗauka. Linka kuwa, mai ɗaura jikin laburaren, jerinsa daban ne, -L yake bi. Ba mai tambayar ɗan'uwansa inda ya ɗauko nasa.

Ɗan ƙanwata ya kawo mini irin wannan ranar wata Asabar, idonsa ja don rashin barci. Ya ce, "Kawu, konfili ya kama ni, sau biyu ina sake zuba Ubuntu." Manhajar rage nauyin hotuna yake gyarawa. Tana haɗuwa lafiya, amma da ya ba ta hoto sai ta tsaya ta rubuta: Wrong JPEG library version: library is 80, caller expects 62. Saƙon ya faɗi komai, sai dai ba a koya masa karanta shi ba. Lamba 62 na nufin zubi na 6b, wanda ya fito a 1998, shi ne a jakar manhajar. Lamba 80 kuma zubi na 8 ne, irin wanda Ubuntu, nau'in Linux ɗin da ke kan injinsa, ke zuwa da shi. Ko sau goma ya goge injin, abin da zai gani ke nan.

Shi ma ya yi sa'a, domin laburaren JPEG yana duba awo ya yi magana. Zlib, laburaren matse bayanai, ita ma haka, tana kwatanta lambar zubi da girman gurbi kafin ta fara aiki. Wasu ba sa cewa uffan. Manhajar ta yi kwana uku tana aiki, ran na huɗu ta faɗi a gaban malamai. Har ma akwai layin tsaro da ake sawa a saman heda don kada a karanta ta sau biyu, kamar ZLIB_H. In kwafi biyu suna da layi iri ɗaya, na farko ya shiga, na biyu a tsallake shi shiru.

Masu Debian, wani nau'in Linux, ba sa son manhaja ta riƙa ɗauke da kwafin laburaren wasu, kuma suna da hujja: da aka gano ɓaraka a zlib a 2002, sai da aka bi manhajoji ɗaya-ɗaya ana neman kwafin da suka ɓoye. Na yarda da su, amma ba ɗari bisa ɗari ba. A nan inda data ke da tsada, wuta ta ɗauke kana tsakiyar sauke kaya, manhajar da ta zo da guzurinta rahama ce. Abin da ba na yarda da shi shi ne rabi da rabi, a ɗauko heda a gida, jiki a maƙwabta. Mafi muni kuma al'adar nan ta kwafe heda da hannu a jefa cikin /usr/include don saƙon kuskure ya yi shiru, ko a girka abu a /usr/local a manta da shi, bayan shekara ya zo ya tare wa sabo hanya.

Na sa yaron ya ƙara -H a umarnin GCC, ta jero masa kowace heda da inda ta ɗauko ta. Ya kuma gudanar da umarnin ldd a kan manhajar, ya ga jikin laburaren da ake ɗaura mata. Na farko ya nuna jakarsa, na biyu ya nuna /usr/lib. Ya cire layin -I guda ɗaya daga Makefile, fayil ɗin umarnin haɗa manhajar, ya girka libjpeg-dev, kunshin hedojin JPEG na Ubuntu, ya share tsofaffin fayilolin .o, ya sake haɗawa. Kafin kiran la'asar hoton farko ya fito.