Sauyin ƙwayar halittar ESR1 da zaɓen maganin sankarar mama

ESR1 ƙwayar halitta ce da ke kan kuromosom na 6 a jikin ɗan Adam. Ita ke ɗauke da umarnin ƙera makarɓar estirojin, wato furotin da ke zaune cikin ƙwayoyin jiki yana jiran sinadarin estirojin, homon ɗin mata, ya zo ya maƙale masa. A sankarar mama da likitoci ke rubuta wa ER+, wato wadda ƙwayoyinta ke ɗauke da makarɓar estirojin, wannan makarɓa ce ke tura ƙwayoyin cutar su hayayyafa. Idan ESR1 ta sauya, makarɓar takan koma aiki ko babu estirojin, sai wasu magunguna su daina tasiri, wasu kuma su ci gaba da aiki. Shi ya sa ake auna wannan sauyi a jini kafin a zaɓi magani na gaba ga wadda cutarta ta bazu zuwa wasu sassan jiki.

Yadda magungunan homon ke aiki

Hanyoyi uku ake bi wajen hana sankara cin moriyar estirojin. Tamoxifen, ƙwaya mai miligiram 20 a rana, yana zama a gurbin estirojin a jikin makarɓar ya toshe shi. Rukuni na biyu su ne masu hana sinadarin aromatase aiki: anastrozole miligiram 1, letrozole miligiram 2.5, da exemestane miligiram 25, kowanne sau ɗaya a rana. Waɗannan ba sa taɓa makarɓar ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne hana jiki ƙera estirojin a cikin kitse da sauran tsoka, ta yadda cutar za ta rasa abincinta. Rukuni na uku, wanda fulvestrant ya fara buɗe wa hanya, yana kama makarɓar ya toshe ta, ya kuma sa ƙwayar jiki ta rushe ta.

Masu hana aromatase ba sa wadatarwa su kaɗai ga macen da ba ta daina al'ada ba, domin ma'ajiyar ƙwanta na ci gaba da fitar da estirojin mai yawa. Dole a haɗa da allurar goserelin, miligiram 3.6 kowane kwana 28, ko a cire ma'ajiyar ƙwan da tiyata. Wannan batu yana da nauyi a Najeriya, inda da yawa daga cikin masu cutar ke zuwa asibiti suna da shekara arba'in da 'yan kai, wasu ma ƙasa da haka. Idan aka ba irin wannan mace letrozole shi kaɗai, cutar za ta ci gaba, kuma ba ESR1 ce ta jawo ba.

Abin da sauyin yake yi

Yawancin sauye-sauyen suna faruwa ne a ɗan ƙaramin yanki na furotin, wurin da estirojin ke zama. Waɗanda aka fi gani su ne D538G da Y537S, sai Y537N da Y537C da E380Q. Lambar tana nuna matsayin da aka samu canji a jerin tubalan furotin, haruffan kuma suna nuna tubalin da ya fita da wanda ya maye gurbinsa. Canjin tubali ɗaya a matsayi na 537 ko 538 ya isa ya lanƙwasa furotin zuwa siffar da yake ɗauka idan estirojin ya zauna masa. Kamar makunnin fitila ne da ya maƙale a kunne, cire hannu daga kansa ba zai kashe wutar ba. Masu hana aromatase cire hannu kawai suke yi, don haka amfaninsu yakan ƙare da zarar ƙwayoyin da ke ɗauke da sauyin sun yi rinjaye.

An fara bayyana irin wannan sauyi a 1997, amma aka ɗauke shi abin da ba kasafai ake gani ba, saboda masu bincike na duba ƙarin farko da aka cire daga mama. A 2013 ne ƙungiyoyin bincike da dama suka duba tsokar cutar da ta riga ta bazu bayan an sha magani, suka same shi da yawa. A ƙarin da ba a taɓa yi wa magani ba, da kyar ake samunsa a kashi 1 cikin 100. A cutar da ta bazu bayan an sha masu hana aromatase, ana samunsa a kusan kashi 20 zuwa 40 cikin 100. Ma'ana maganin ne ke tace ƙwayoyin cutar: ya kashe masu buƙatar estirojin, ya bar filin ga waɗanda suka daina buƙatarsa.

Sauyin ESR1 yana cikin ƙwayoyin sankarar ne kawai. Ba gado ba ne, uwa ba ta ba 'yarta, kuma ba a kiran 'yan uwa su zo gwaji saboda shi. Ya bambanta da BRCA1 da BRCA2, waɗanda ake haihuwar mutum da su. Iyalai kan rikita biyun da zarar sun ji an ce "ƙwayar halitta", kuma bayanin minti biyu daga likita yana ɗauke musu fargaba mai yawa.

Gwaji: yaushe, kuma da wane samfuri

Lokacin gwaji shi ne lokacin da hoto ya nuna cutar ta ƙaru alhali ana kan maganin homon. Kuskuren da aka fi yi shi ne aika tsohuwar tsokar da aka cire a tiyatar farko. Wannan tsoka ta girmi sauyin, sakamakonta zai fito babu komai, a ɗauka hanya a buɗe take a ci gaba da maganin da ya riga ya daina aiki. Sabon samfuri ake buƙata, kuma ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta ba da shawara a 2023 cewa jini ya fi dacewa. Dalili shi ne ƙarin da ke hanta na iya ɗaukar D538G, wanda ke ƙashi ya ɗauki Y537S ko ya zama babu sauyi sam. Allurar ɗibar tsoka wuri ɗaya take gani, jini kuwa yana tattaro ɓurɓushin DNA daga ko'ina. Tsokar ƙashi tana da wata matsalar: asid ɗin da ake tausasa ƙashi da shi kafin a yanka yana lalata DNA.

Ana ɗibar jini kamar mililita 10 a kwalba, galibi kwalba biyu. Idan kwalbar EDTA ce, mai sinadarin hana jini daskarewa da murfi shunayya, sai an raba ruwan jinin daga ƙwayoyinsa cikin 'yan awanni. In aka jinkirta, fararen ƙwayoyin jini kan fashe su zubar da nasu DNA ɗin, ya nutsar da ɗan kaɗan ɗin da ya fito daga cutar. A Legas wannan ba ƙaramin abu ba ne. Samfurin da aka ɗiba a Agege ko Ikorodu aka ba ɗan saƙo ya ratsa gosulo cikin zafin rana yana iya isa ɗakin gwaji a lalace, ba tare da kowa ya gani da ido ba. Mafita ita ce kwalba ta musamman mai sinadarin adana ƙwayoyi, wadda ke riƙe jini na kwanaki a yanayin ɗaki, ko kuma majinyaciyar ta je a ɗibi jinin a inda na'urar juyawa mai raba ruwan jini da ƙwayoyinsa take. Ba a daskarar da jinin da ba a raba ba, domin ƙanƙara na fasa ƙwayoyin. Ruwan jinin da aka raba shi ake ajiyewa a firiza mai tsananin sanyi.

Hanyoyin aunawa biyu ne. Ɗaya PCR ce mai rarraba samfuri zuwa dubban ɗigo, tana da sauri da sauƙin kuɗi, amma sauye-sauyen da aka saita ta a kansu kawai take gani. Ɗayar tana karanta jerin ƙwayoyin halitta da yawa lokaci guda, har da PIK3CA da AKT1 da PTEN, waɗanda su ma ke da nasu magungunan. Sakamakon "ba a gani ba" bai kai "babu" ƙarfi ba. Wata cutar ba ta zubar da DNA sosai cikin jini, musamman idan ƙarama ce. Don haka ake duba ko rahoton ya ga wata alamar DNA ɗin cutar ma, kuma ake maimaita gwajin duk lokacin da cutar ta sake motsawa.

Magani idan an ga sauyin

Mataki na farko shi ne barin dukkan masu hana aromatase. Sauya letrozole da exemestane ba ya warware komai, tunda hanyarsu ɗaya.

Fulvestrant shi ne ya fi samuwa. Ana yin miligiram 500, allura biyu masu mililita 5, ɗaya a kowane ɗuwawu, a hankali cikin minti ɗaya zuwa biyu saboda kaurin man. Ana yi a rana ta 1, ta 15, ta 29, sannan wata-wata. Tsallake allurar rana ta 15 don rage kuɗi yana jinkirta cikar maganin a jini. Ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka sayen na watanni a kai gida inda wuta ke ɗaukewa kasada ce. Yana aiki a kan yawancin sauye-sauyen, sai dai Y537S ya fi sauran taurin kai gare shi.

Elacestrant ƙwaya ce ta baki daga wannan rukuni. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2023 ga matan da suka daina al'ada da kuma maza, masu cutar ER+ da HER2- (wato wadda ba ta da yawan furotin HER2) da ta bazu, mai ɗauke da sauyin ESR1, bayan aƙalla zagaye ɗaya na maganin homon. A binciken EMERALD mai mutum 478, masu sauyin da suka sha shi sun yi matsakaicin wata 3.8 kafin cutar ta ƙaru, waɗanda aka ba maganin da aka saba kuma wata 1.9. Alƙaluman ba su da girma, kuma bai kamata a ɓoye wa iyali hakan ba. Amma a cikin waɗanda maganin farko ya riƙe cutarsu wata 12 ko fiye, tazarar ta kai wata 8.6 da 1.9. Wannan ne ke nuna wa likita wadda za ta fi amfana: wadda cutarta ta daɗe tana jin maganin homon. Ana shan miligiram 345 sau ɗaya a rana tare da abinci, don rage tashin zuciya, kuma mai azumi na iya haɗa shi da sahur ko buɗa-baki muddin lokacin bai riƙa canjawa ba. Yana ɗaga kolestarol da kitsen jini, sai a auna su kafin farawa da kuma lokaci-lokaci. Rifampicin na tarin fuka yana sa hanta ta kore shi da sauri har ya rasa ƙarfi, don haka tilas likitan sankara ya san duk abin da ake sha, har da jiƙe-jiƙen gargajiya. A Satumban 2025 aka amince da imlunestrant, wata ƙwayar ta wannan rukuni, a Amurka, miligiram 400 a rana, shi kuma ba tare da abinci a ciki ba.

Idan cutar na gudu, ta taɓa aikin hanta ko numfashi, ba a jiran waɗannan magunguna. Kemo ake ba, ko da ESR1 ta sauya.

Sauya magani kafin hoto ya nuna

Sauyin kan bayyana a jini watanni kafin hoto ya nuna ƙari ya girma. Binciken PADA-1 a Faransa ya bibiyi jinin matan da ke shan mai hana aromatase tare da palbociclib, maganin da ke hana ƙwayoyin cutar hayayyafa. Waɗanda aka mayar kan fulvestrant da zarar sauyin ya bayyana sun samu wata 11.9 kafin cutar ta ƙaru, waɗanda aka bari a kan tsohon magani wata 5.7. SERENA-6, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2025, ya yi irin wannan da camizestrant, wata ƙwayar baki daga rukunin fulvestrant, aka samu wata 16 da 9.2. Tsarin yana buƙatar gwajin jini kowane wata biyu zuwa uku, wani lokaci na shekaru, kuma mafi yawan gwaje-gwajen za su fito babu komai.

A Legas

Ana kula da masu sankarar mama a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, dab da unguwar Hausawa, inda cibiyar sankara ta NSIA-LUTH ta fara aiki a 2019, da LASUTH a Ikeja, da wasu asibitocin kuɗi. Sababbin ƙwayoyin suna da tsada ƙwarai kuma samunsu na da wuya. Tambayar da ta dace a yi kafin a biya kuɗin gwaji ita ce: in an ga sauyin, wane magani za a iya samu? Idan amsar fulvestrant ce ko an gani ko ba a gani ba, kuɗin ya fi amfani a kan allurar kanta.

Duk wannan ya dogara ne a kan gwajin farko na ER. Tsokar da aka cire tana buƙatar shiga ruwan formalin mai kashi 10 cikin awa ɗaya, ta zauna awa 6 zuwa 72, kuma babban ƙari sai an tsaga shi don ruwan ya ratsa ciki. Tsokar da ta kwana a roba kafin 'yan uwa su kai ta ɗakin gwaji na iya fitowa ER- alhali ER+ ce, sai a hana majinyaciyar maganin homon gaba ɗaya. Idan sakamakon ER bai yi daidai da yadda ƙarin yake a ƙarƙashin madubi ba, likita kan nemi a sake gwajin, da sabon samfuri in zai yiwu.