Dokar malalar mai: wai biyan miliyan ɗaya ya wanke kamfani?

Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a 2022 ake ta yawo da maganganu biyu, wai idan mai ya malale a gonarka kamfani tarar naira miliyan ɗaya kawai zai biya ya kama gabansa, wai kuma bakteriyar (ƙananan halittun da ido ba ya gani) da ake gyaran ƙasa da ita cuta ce ake zuba wa mutane. Duka biyun ba haka suke ba.

Dokar da ta kafa hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a 2006 ta hau kan duk wanda mai ya zube daga kayansa, mai rijiyar mai ne ko mai bututu ko depo. Dole ya kai rahoto a rubuce cikin awa 24, in ya ƙi, naira 500,000 ce kowace rana. In kuma bai gyara wajen ba sai a ƙara masa miliyan ɗaya. To wannan tara ce ta ƙin gyara fa, ba kuɗin gyaran ba ne, ba kuma diyyar manomi ba ce, aikin na nan a wuyansa. Amma gaskiya miliyan ɗaya a wajen kamfanin mai ai ko a jikinsa, ya kamata majalisa ta sake duba adadin nan.

Inda ake rikicewa shi ne dokar ta ce a gyara iya gwargwadon abin da zai yiwu, har da farfaɗo da ƙasar. Ta wannan ƙofa ake wasa da hankalin mutane. Bakteriya irin su Pseudomonas da Bacillus dama suna cikin ƙasa, su ke cin man, su mayar da shi ruwa da iskar da muke fitarwa a numfashi, shi ya sa za ka ga ana kaftar ƙasa ana juya ta ana watsa takin zamani, iska da abinci ake ba su. Sai dai ba a rana ɗaya suke aiki ba, da farko sai su yi lamo kafin su saba, sannan su hayayyafa da sauri su cinye mai sauƙin ci, daga nan aiki ya ja baya a bar mai nauyin nan mai kama da kwalta. In man ya yi yawa ma su kansu yana danne su, can ƙasa kuma inda iska ba ta kaiwa kusan tsayawa suke.

An ga haka a yankin Ogoni na jihar Ribas. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu mai ya nutse fiye da mita 5 a wasu wurare alhali juya ƙasar sama-sama aka yi, ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Don haka ciyawa ta tsiro ba hujja ba ce, kar mai gona ko mai unguwa ya sa hannu a takardar kammala aiki sai an haƙa an ɗebi ƙasar can ciki da ruwan rijiya an gwada, a nuna masa sakamakon a gaban jami'an NOSDRA.