Wai mece ce "antioksidan" da ake ta yi mana talla da ita?

Yanzu da wuya ka kunna rediyo da safe ba ka ji mai tallar magani yana rantsuwa cewa garinsa "cike yake da antioksidan" ba, wai yana wanke jini, yana kashe ciwon daji. Abin da ke ba ni haushi shi ne an mai da kalmar sunan magani, alhali sunan aiki ce. Yanka tuffa ka ajiye, jim kaɗan za ta yi duhu don iskar oksijin ta taɓa ta. Matsa mata lemun tsami, sai ta daɗe da haskenta. Duk abin da ke tare irin wannan ɓarna ta oksijin, shi ne antioksidan.

Sai ga wata kalmar kuma an haɗo ta da antioksidan, oligosakarid. A Girkanci "oligo" kaɗan ne, ragowar kuwa sukari, kuma tushenta ɗaya da "sukari" ɗin da muka aro daga Larabci. Wato ɗan guntun zare ne na ƙwayoyin sukari, daga kamar 2 zuwa 10. Ka san totuwar masara da ake cusawa a murhu? A ƙasar Sin niƙa ta ake yi a masana'anta, a zuba mata wani enzayim, wato sinadari mai farfasa abu, mai suna zailanes, ya yi ta datsa dogon zaren sukarin da ke cikinta kamar almakashi har ya koma gutsattsari, wato oligosakarid. Haka ake yi da dusar alkama.

To ina antioksidan ɗin ya shigo? A ɗakin gwaji akwai wani ruwa shuɗi mai ratsin ja, DPPH, da ake amfani da shi tun 1958. A ɗiga masa waɗannan gutsattsarin, idan ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa, sai a rubuta cewa suna da ƙarfin antioksidan. Iyakar abin da aka gani ke nan, ruwa ya canza launi a kwalba. Kuma a dusa, yawancin ƙarfin daga wani sinadari ne, ferulik asid, da ke manne a jikin zaren. Sukarin kansa cikinmu ba ya narkar da shi, sai ya gangara babban hanji ya zama abincin ƙwayoyin bakteriya masu amfani. A ganina nan ne amfaninsa ya fi tabbata, amma wa zai yi talla da hanji?

Jikin mutum kuwa ba kwalba ba ne. A Finland an bi maza mashaya taba fiye da 29,000, aka ba wasu ƙwayar beta-karotin, fitaccen antioksidan. Da sakamako ya fito a 1994, ciwon dajin huhu ya fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha. A 2012 ma ma'aikatar gona ta Amurka janye jadawalinta na makin antioksidan na abinci ta yi, don 'yan kasuwa sun mai da shi kayan talla.