Injin Sassaƙar Katako na CNC Haɗin Gida

Injin sassaƙar katako na CNC na'ura ce da kwamfuta ke sarrafa bakinta, wato ƙarfen da ke yin yankan, yana yanka ko fitar da ado a jikin katako daidai da zanen da aka ba shi. Tushen fasahar Amurka ne, inda jami'ar fasaha ta Massachusetts (MIT) ta nuna injin mai bin umarnin lambobi a 1952, sai dai na sassaƙar ƙarfe ne. Haɗin gida kuwa shi ne wanda kafinta ya harhaɗa da hannunsa maimakon sayen na kamfani.

Bakin yana tafiya ta fuska uku, tsawo da faɗi da zurfi, waɗanda ake kira X, Y da Z. Ƙananan motocin lantarki masu juyawa taku-taku ne ke tura shi, galibi samfurin NEMA 23, masu cika juyi ɗaya da taku 200. Masu haɗin gida da dama suna amfani da allon Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ɗauke da manhajar GRBL, wadda ke karanta G-code, wato rubutaccen umarnin da ke gaya wa injin inda bakin zai bi. Motar da ke juya bakin takan kasance mai kilowat 1.5 ko 2.2, tana kai juyi 24,000 a minti.

Amma ingancin injin a gangar jikinsa yake. A Kaduna wannan ba abin wahala ba ne, domin kasuwar Panteka cike take da masu walda da maƙera da suka san ƙarfe. Sai dai zafin walda yana lanƙwasa ƙarfe kaɗan, kuma karkatar da ido ba ya gani za ta fito ɓaro-ɓaro a jikin ƙofar da ake yi wa ado: furen da ke wannan gefe ya nutse, na wancan gefe da ƙyar bakin ya taɓa shi. Shi ya sa ake ɗaure layukan da injin ke gudu a kai da noti, yadda za a iya saita su daga baya, sannan a shimfiɗa katako a kan gadon injin, wato inda ake ɗora aikin, a bar injin ya share fuskarsa da kansa kafin aikin farko. Mai son yanka cikakken falanki yana bukatar gadon da zai ɗauki ƙafa 4 da ƙafa 8.

Ɗauke wuta ma matsala ce babba. Motocin ba sa tuna inda suka tsaya, don haka ake sa 'yan makunnai a ƙarshen kowane layi, injin ya koma mafarinsa a ci gaba da aikin, kada katako mai tsada irin na madaci ya lalace. Garin katako da ƙurar hunturu suna toshe layukan, kuma garin MDF, falankin da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam, yana cutar da huhu, don haka injin zuƙar ƙura da takunkumi dole ne.