Abubuwan da ke sa tunawa ta daɗe a ƙwaƙwalwa

Tunawa mai daɗewa ita ce zaman abin da mutum ya gani, ya ji ko ya koya a ƙwaƙwalwarsa na kwanaki ko shekaru, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Sabon abu ba ya kafuwa nan take, sai ya bi ta wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfus. An tabbatar da haka bayan tiyatar da aka yi wa Henry Molaison a Amurka a 1953, inda aka cire masa yawancin sashen don magance farfaɗiya. Bai manta ƙuruciyarsa ba, amma duk sabon abin da ya faru sai ya gushe masa cikin 'yan mintuna.

Maimaitawa ce ginshiƙi, sai dai ba kowace iri ba. Masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya yi gwaji a kan kansa, ya riƙa haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko sannan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka kawo karatu da ka sun fi masu sake karantawa tunawa bayan mako guda. Makarantun allo sun daɗe a kan wannan turba: almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam da ka, mahaddaci kuma ba ya barin tilawa don kada hadda ta zube. Karatun dare ɗaya kafin jarrabawa kuwa, da wuya ya kai wata guda a ƙwaƙwalwa.

Barci ma na da nasa aikin, domin a cikinsa ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana. Abin da mutum ya fahimta, ya haɗa da wanda ya riga ya sani, shi ma ya fi zama.

Tsoro, farin ciki da baƙin ciki suna motsa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala, shi ya sa ranar aure ko ta rasuwa ba ta saurin ɓacewa. Amma daɗewa daban, daidaito daban. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane faifan haɗarin mota, suka gano cewa sauya kalma ɗaya a tambaya ya sa wasu sun tuna da fasasshen gilashi da babu shi a faifan.